Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Babur Ɗin Mahaifina Da Neman Kayan Gyaransa

Mai karatu, ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu a Gumel cikin shekarar 2022, an lissafa gida da gona da 'yan tumaki, sannan aka zo kan wani abu da ke jingine a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna. Babur ne shuɗi, Honda 175, tayoyinsa sun ƙone da rana da daɗewa, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana. Ƙanena ya ce ai ya riga ya yi magana da ɗan jari-bola, gobe zai zo da sikeli a auna a raba kuɗin. Ni kuma na ce a saka mini shi cikin kasona. Aka yi ta dariya, wani ma ya ce, "Yaya, gawa za ka gada?"

Inna ba ta ce uffan ba sai da dare, bayan kowa ya watse. Ta ce da ni, "Tun yana bayan gari nake gane ƙarar babur ɗin nan, in tashi in ɗora masa ruwa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A daren na ƙudura sai ta sake jin ƙarar nan. Ban san cewa shekara biyu zan yi ina yawo ba, ban kuma san cewa duk wanda ke neman kayan tsohon babur, tarihin ƙasarsa yake tonowa ba. Domin kayan ba ɓacewa suka yi haka siddan ba. Akwai hanyar da suka bi suka shigo, akwai wadda suka bi suka fita, kuma sai ka san hanyoyin biyu za ka san inda za ka dosa.

Kafin zuwan babur, abin hawan ƙasar Gumel doki ne da jaki da raƙumi. Masarautar nan, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a kan hanyar fatake take, tsakanin Kano da Damagaram. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya ratsa ta Gagarawa yana kwasar gyaɗa. Bayan jirgi sai keke ya bazu, musamman Raleigh. Shi kuwa babur a zamanin Turawa na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, kuma sai wane da wane ke hawa.

Mutanen Japan ne suka sauko da babur daga hannun manya zuwa hannun ƙaramin ma'aikaci. Soichiro Honda ya kafa kamfaninsa a 1948, ya fito da ƙaramin babur ɗin nan Super Cub a 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Yayin da kamfanin BSA ke durƙushewa a farkon shekarun 1970, su Honda da Yamaha da Suzuki sun riga sun cika kasuwannin Afirka. Namu babur, wanda sunansa na kamfani CD175, an ƙera irinsa daga 1967 zuwa 1979. Silinda biyu gare shi, kafireta ɗaya, giya huɗu, sarƙarsa kuma a rufe take cikin kwanson ƙarfe. Wanda ya san yashin hanyar Sule Tankarkar ya san amfanin wannan kwanso, don yashi ne ke cinye sarƙa tun kafin tafiya ta cinye ta.

Yadda ya shigo gidanmu kuwa, labarin dubban gidaje ne. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya a 1973, kuɗi ya shigo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Kwamitin Cif Jerome Udoji, wanda aka kafa a 1972, ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka biya su ariyas a farkon 1975. A lokacin Gumel tana cikin jihar Kano, don ba a ƙirƙiri Jigawa ba sai 1991. Mahaifinmu malamin dabbobi ne. Ya haɗa ariyas ɗinsa da adibas na abin hawa, ya shiga mota zuwa Kano, ya dawo a kan sabon babur. Abokansa na cikin gari da yawa Vespa suka saya, ta kamfanin Piaggio na Italiya, don ba ta ɓata babbar riga. Amma ƙananan tayoyinta ba sa shiri da yashi, shi ya sa masu aikin ƙauye suka fi karkata ga na Japan. Tsallaken iyaka kuwa, a ƙasar Nijar, mobilet ɗin Faransa ce ke tashe, ta Motobécane da ta Peugeot.

A waɗannan shekaru kayan gyara ba abin nema ba ne. Honda ya kafa kamfaninsa na Nijeriya a 1979, yana harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun. Kamfanin Boulos na harhaɗa Suzuki a Legas, Yamaco na John Holt kuma na riƙe da Yamaha. Fatake 'yan Nnewi, garin da ya yi suna a duk Afirka ta Yamma wajen cinikin kayan babur, sun cika shagunan Sabon Garin Kano da kaya gangariya. Bakanike a Gumel zai ba direban mota saƙo da safe, kafin magariba fistin ɗinsa ya iso. Da irin wannan kwanciyar hankali babur ɗinmu ya yi aikinsa mafi nauyi a 1983, shekarar da annoba ta afka wa shanu a Arewa. Inna ta ce mahaifinmu kan yi kwana uku bai kwana gida ba, daga wannan ruga zuwa waccan, akwatin allura ɗaure a baya.

To, daga nan ne al'amura suka soma juyawa. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya daga waje ya koma sai da lasisi. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. A shekarar nan ta 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta zube. Ma'aikacin da ya sayi sabon babur a 1975 ya wayi gari albashinsa ba ya sayen fistin biyu na asali. Abu biyu suka biyo baya. Na farko, kanikawa suka shiga yanka babur ɗaya don a raya biyu. Na biyu, ma'aikata da yawa suka sayar da nasu, kuma tunda naira ta yi arha a idon mai riƙe da sefa, wasu daga cikin baburan nan arewa suka yi, suka tsallaka iyaka. Mahaifinmu ya ƙi sayarwa. Ya yi ta lallaɓawa har 1993, lokacin da injin ya soma hayaƙi yana shan baƙin mai, ya jingine shi da niyyar sai kuɗi sun samu. Ina yaro a lokacin, ni na riƙe masa ƙofar ɗakin.

Abin da ya ƙarasa binne irin waɗannan babura shi ne zuwan na Sin, irin su Jincheng, daga ƙarshen shekarun 1990, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya. Suna da araha, sana'ar acaɓa kuma ta buɗe musu kasuwa. A nan akwai wani abin lura. A 1975 Honda ya fito da CG125, mai silinda ɗaya, wanda aka tsara musamman domin ƙasashen da mutane ba sa canza baƙin mai a kan kari. Injin nan ne kamfanonin Sin da dama suka kwaikwaya, don haka mai tsohon CG125 har gobe yana samun abin da zai shiga injinsa. Mai silinda biyu irin namu ba a kwaikwaye shi haka ba, sai ya zama maraya. Masu shaguna suka daina ajiye kayansa, yaran kanikawa suka taso ba su taɓa buɗe cikinsa ba. Daga baya 'yan jari-bola suka shiga lungu da saƙo da kura da sikeli, suna sayen duk wani tsohon ƙarfe a kai kamfani a narke a yi rodi. Babur ɗin da ya tsira daga SAP, sikeli ya gama da shi.

Wannan shi ne halin da na tarar. Kanikawa uku na kai wa, kowanne ya leƙa ya ce in sayi sabo in huta. Na huɗu ne ya nuna mini gidan wani dattijo a cikin Gumel, wanda ya bar sana'ar saboda idonsa ya yi rauni. Na same shi a zaure. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Shuɗin nan ne? Ni na yi masa sabis na farko." Washegari ya sa jikansa ya riƙo hannunsa har gidanmu. Ya shafa injin da tafin hannu kamar mai duba doki, ya ce, "Ɗana, kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka karanta mini lambar inji da lambar jiki." Dalilinsa shi ne, 175 ɗin ba iri ɗaya ba ne. Na farko-farko injinsu a karkace yake, na baya a miƙe, kuma kayan wannan ba duka ke shiga wancan ba. Namu na baya ne.

Baba ya kasa mini kayan gida uku, kuma wannan rabo nasa shi ne ilimi mafi tsada da na samu. Kashi na farko su ne waɗanda ake saye da awo, ba da sunan babur ba. Boris yana da lambarsa ta duniya a jikinsa, irin su 6302, duk injin da ke amfani da wannan lamba boris ɗinsu ɗaya ne. Robar tare mai ma an rubuta faɗinta na ciki da na waje da kaurinta. Idan ka je shago ka ce ta Honda 175 kake nema za a ce babu, amma idan ka faɗi lambar sai a miƙo maka. Kashi na biyu su ne waɗanda hannu ke iya yi: gasket ɗin gefen inji da ake yankawa daga takardarsa, wayar kuloci da ta totur da ake haɗawa, sirdi da masu ɗinkin kujerun mota ke sabuntawa, madigadi da mai walda ke miƙewa. Ya gargaɗe ni kada in yarda a yi mini zubin hannun birki a wurin masu zubin tukunya, komai kyansa, don ranar da zai karye ba ya sallama. Kashi na uku su ne waɗanda babu mai ba ka sai kamfani ko gawar wani babur ɗin: fistin da zobensa, kafireta, salansa, kwanson sarƙa, murfin gefe, da kayan wuta.

Kayan wutar nan sun ba ni wuya ta musamman. Baburan yanzu bolt 12 suke amfani da shi, namu kuwa bolt 6 ne, don haka batir da ƙwan fitila da kwayil na kasuwa duk ba nasa ba ne. Sannan wutar fulogi a baburan yanzu wani ɗan akwati ne ke sarrafa ta, in ya mutu a jefar a sa sabo. A namu kwantak ne, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, waɗanda sai an saita tazararsu da hannu. Baba ya ce a da da takardar kwalin sigari suke gwadawa idan babu ma'auni a kusa.

Na fara da Kano. Rashin sani ya fi dare duhu: a zuwana na farko wani mai shago ya rantse mini cewa fistin ɗin da ya ba ni daidai ne, na biya na kamo hanya ina murna. Baba ya zura yatsa cikin ramin fil ɗin kawai ya ce na wani injin ne. Tun daga ranar ban sake fita ba sai da tsohon abin a aljihuna. Na zaga Ƙofar Ruwa wurin masu tsofaffin ƙarafa, na zaga Sabon Gari shago-shago. A zuwa na biyar aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Nnewi da ya gaji shagon daga mahaifinsa. Ya saurare ni da Hausarsa tas, ya shiga can ƙuryar sito, ya fito da kwali biyu da ƙura ta rufe. Fistin ne na asali, masu ƙarin girma na 0.50. Ramin silindar 175 milimita 52 ne, kuma kamfani na yin fistin masu ƙarin 0.25 da 0.50 har zuwa 1.00, domin idan silinda ta cinye a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su faɗaɗa ta daidai da sabon fistin. Haka muka yi. Dattijon ya ce saura kaɗan ya haɗa kwalayen da tarkacen da ya sayar wa 'yan sikeli bara.

A jikin kwalin nan na fara lura da lambar kayan Honda, mai gida uku. Wani ɗan yayata ya nemo mini littafin kayan gyaran a intanet, muka gane cewa gidan farko yana faɗin ko mene ne abin, misali 13101 fistin ne, gidan tsakiya kuma yana faɗin babur ɗin da aka fara ƙera abin dominsa. Ma'ana, wani abin da ke jikin 175 yana jikin wasu 'yan'uwansa ma, ba lallai sai gawar irinsa sak ba. Da lambobin nan muka leƙa kasuwar waje. Akwai David Silver Spares a Ingila, wanda tun 1986 yake tara tsofaffin kayan Honda da ba a taɓa amfani da su ba, akwai kuma CMS a ƙasar Holan. Ka duba ikon Allah, mai karatu: shekarar da SAP ta sa muka fara rabuwa da baburanmu, a shekarar ce wani ya fara tara kayansu. Sai dai bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin aiko da salansa ɗaya ya fi ƙarfina. Kwantak da sarƙar cikin inji kawai na iya saye ta wannan hanya, don ba su da nauyi.

Sauran manyan kayan sai gawa, kuma Baba ya ce, "Ka je Maigatari ranar Alhamis. In akwai sauran irinsa a duniyar nan tamu, arewa yake." Maigatari dai kowa ya san ta da kasuwar dabbobi, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda raƙuma da shanu da tumaki ke shigowa daga Nijar, hatsi da kayan masarufi kuma su fita, ga riɗi da zoɓo. Ba kasuwar babur ba ce, amma kasuwar labari ce, don babu ƙauyen da ke tsakanin Dungas da Magarya da Damagaram da ba ya da wakili a cikinta ranar Alhamis. Na bi dillalai da direbobi ina nuna musu hoto a waya. Wasu su yi dariya, wasu su ce sun taɓa gani suna yara. Alhamis ta tara wani dillalin shanu ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, moton nan na gan shi a wani gida gaba da Dungas. Mai shi ya rasu, a hannun wani ma'aikacin Nijeriya ya saya tun zamanin Babangida." Mako biyu bayan haka ya kawo hoto. Injin ya mutu murus, amma salansa biyu da kwanson sarƙa da kafireta suna nan, kuma busasshiyar iskar can ta hana tsatsa cin su.

Muka yi ciniki da magada ta bakin dillali a watan Yulin 2023. Ana saura 'yan kwanaki a ɗauko, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga wata, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Mutanen Maigatari sun saba da wannan rufi: an yi a 1984, an sake a watan Agustan 2019, inda garin ya kasance cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa ranar 16 ga Disambar 2020. Kowane rufi kasuwa ce ke kwanciya, 'yan'uwan juna su rasa hanyar zumunci. Asarata ba ta kai ta mai raƙuma ba, amma na yi watanni ina fargabar kada ɗan jari-bolan can ya riga ni. Da aka buɗe a watan Maris na 2024, gawar ta iso a bayan motar awaki, aka cika ƙa'idar jami'an kan iyaka, na biya dillali la'adarsa har da tukuici, don ya riƙe amana wata takwas ba takarda ba shaida.

Haɗawa ta ɗauki wata biyu. Baba na zaune a kan tabarma yana ba da umarni, jikansa da ɗana na fari suna ɗaurewa da kwancewa. Shi da kansa ya saita kwantak, da yatsa da kunne. Wata Asabar da la'asar muka tura shi tsakar gida, na taka kik sau bakwai, a na takwas ya yi tari ya kama. Ƙarar silinda biyu daban take da ta baburan yanzu, a kwance take, ba ta da tsiwa. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa har na kashe. Ta ce, "Shi ne." Ta koma ciki.

Har yanzu da sauran aiki. Mitar gudu ba ta motsi, murfin gefen hagu kuma na wani babur ne muka daidaita, babu tambarin 175 a jikinsa. Amma abin da ya fi damuna ba ƙarfe ba ne. A duk kanikawan da na zaga a Gumel, Baba kaɗai na samu da ya san cikin wannan inji, kuma ya haura saba'in. Ƙarfe in ya ɓace ana iya samunsa a Dungas ko a Ingila, amma abin da ke cikin kan dattijon nan babu shagon da ke sayar da shi. Shi ya sa na roƙe shi ya riƙa karɓar ɗana duk ranar da babu makaranta, kuma ya amsa.

Saboda haka mai karatu, idan akwai tsohon babur ko Vespa ko mobilet a ɗakin ajiyar gidanku, kafin a kira mai sikeli a tambayi tsofaffin gidan yadda aka same shi da inda ya je. Ko ba za a gyara ba, a nemi mai irinsa a sayar masa, don gawa ɗaya tana raya uku. Idan kuma an ci karo da murfin gefen hagu na Honda 175, shuɗi ko ma wane launi ne, a ba wa dillalan shanu saƙo a Maigatari ranar Alhamis, zai iso ni. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu dace.